Turke Na Sha Bakwai

Da sabulun wankana na tarar da Bapak, wato mahaifina, yana wanke saniya. Ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, ya jera bokiti biyu, yana goga mata doro yana yi mata waƙa ƙasa-ƙasa, ita kuwa saniyar, Menik, ta lumshe ido tana tuƙa abinta kamar amaryar da ake yi wa lalle. Kumfa na gangarowa ta tsakar gida, kaji na bi suna tsattsaga. A bayansu Merapi, dutsen nan mai aman wuta, ya fito tas daga hazon safiya, farin hayaƙi na tashi daga kansa a miƙe, alamar babu iska.

"Bapak, wannan sabulun fa daga birni maigidana Mas Parjan ya kawo min."

"Na sani, Nduk 'yata, shi ya sa na ɗauka. Yau za ta shiga cikin mutane. So kike ta je tana warin kashi, a ce shanun Duwuran ba su da tarbiyya?"

Abin ya isa dariya, amma ban yi ba. Hannuna na kan wata takarda da na linke na soke a ƙugun zani tun shekaranjiya. Yau ce ranar gwajin gudu, ranar da duk ƙauyenmu na Duwuran ke yin kamar dutse ya tashi, mu kwashe mu gangara ƙauyen Ngisoran da ke can ƙasa, mu ci mu sha mu dawo da la'asar. Shekara goma sha ɗaya ke nan muna yi, kuma kowace shekara shanu ne ke fara tafiya a manyan motoci, sannan mutane su biyo baya. Bana takarda ta ce mutane kaɗai.

"Bapak, bana ba a zuwa da shanu."

Bai juyo ba. Ya ɗaga ƙafar Menik ta gaba yana goge kofato.

"In ji wa?"

"Takarda aka aiko. Wai motoci ba su samu ba."

"Motocin yashi nawa ke wucewa ta ƙofar gidan nan kullum, har sun cinye mana hanya? Yau ne ba su samu ba?"

"Haka dai aka rubuta."

"To," in ji shi.

Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san mahaifina Wagiyo ba ya cewa a'a. Bai taɓa ba. "To" yake cewa, sai kai ka dubi fuskarsa ka gane inda ka tsaya. In ya faɗa yana ɗaure da fuska, ya yarda. In kuwa ya faɗa yana murmushi, marigayiya mahaifiyarmu takan ce gara ya ɗauko sanda. A ranar ban ga fuskar ba, saniya ta kare ta. Ya dai ƙarasa wankan tsaf, ya goge ta da tsohuwar rigarsa, ya mayar mata da ƙararrawa a wuya.

* * *

Shekarar babban aman wuta an kwashe mu zuwa wata makaranta a birni, aka ce a bar dabbobi a turke. Kwana ɗaya, kwana biyu, sai maza suka fara sulalewa da sassafe suna komawa sama su ba shanu ciyawa su tatse su. Mutanen birni suka ce jahilci ne. Wanda bai taɓa jin kukan saniyar da ta kwana biyu ba a tatse ta ba shi ke faɗin haka. A kwana na huɗu Lik Tukijo, ƙanen Bapak, ya hau shi kaɗai, don babur ɗin Bapak ya ƙi tashi. Da hantsi gajimaren nan mai zafi ya gangaro, wanda muke kira tunkiya saboda yadda yake tahowa a cukurkuɗe. Bayan mako guda aka tsinci gawar Lik a ƙofar garke, lauje na hannunsa.

Bapak bai yi kuka a gaban kowa ba. Da muka dawo, ana sake kafa gidaje, sai ya ɗauki ƙafa. Gida-gida ya bi a Duwuran, ya gangara Ngisoran ya fi sau talatin, ya sha shayin mutane har suka gaji da ganinsa. Magana ɗaya yake maimaitawa: ba a kwashe mutum a bar masa saniya, domin zai koma. A ƙarshe ƙauyukan biyu suka ƙulla 'yan'uwantaka. Kowane gida na sama yana da gidan da zai sauka a ƙasa. Aka kuma ware filin al'umma da ke bakin kogi a Ngisoran, aka ce na shanunmu ne duk ranar da dutse ya motsa. Da aikin gayya aka zuba turakun siminti, kowane gida da lambarsa, aka gina dogon kwamin ruwa, Bapak da kansa ya dasa ciyawar dabbobi ta kewaye filin. Namu turken shi ne na sha bakwai.

Daga lokacin ne kuma muka ɗauki wata al'ada. Duk babur a Duwuran, in an dawo da shi gida, a juya gabansa ya kalli hanya, a bar makulli a jiki. Ko baƙo ne ya ajiye nasa a karkace, wata tsohuwa za ta fito ta gyara masa ba tare da ta ce uffan ba. Bapak ne ya fara, kuma nasa ya fi na kowa miƙewa. Ya sha faɗa min, yana dariya, cewa ran da jiniya ta yi kukan gaske Menik za ta shiga mota, shi kuma ya bi bayanta a babur, don inda take nan yake. Wannan maganar ita ce ta sa nake barci mai daɗi a gindin dutsen nan shekara da shekaru.

Da farkon damina ya faɗi da dammin ciyawa, gwiwarsa ta goce, likita ya hana shi doguwar gangara. Wata bakwai ke nan bai leƙa Ngisoran ba. A cikin watannin nan aka ba da hayar filin ga wani mutumin birni, ya malale shi da siminti, ya buɗe wurin shan gahawa da wurin ajiye motocin jif da ke kai baƙi su ga kangayen da wuta ta cinye su ɗauki hoto. Mijina Mas Parjan direban ɗaya daga cikin motocin nan ne.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, na ji daɗin jif ɗin nan. Ita ta sauya mana rufin ɗaki, ita ta kai 'yarmu Wulan makarantar koyon jinya, ita ta kawo sabulun da aka wanke saniya da shi. Rabin Duwuran suna da ɗa ko suruki a wurin. Kowa ya sani ban da Bapak, kowa kuma in ya zo gaishe shi sai ya tsaya a kan maganar gwiwa da farashin kabeji. Ni ce ma na fi kowa zurfi a ciki, domin duk wata sai ya aike ni in duba masa ciyawarsa, in dawo in ce ta kai kafaɗata. Wata rana har na yanko dami a bakin hanya na kawo masa shaida. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai wa Menik, na ji yana ce mata ta ci ta saba da ɗanɗanon, ta can ce.

* * *

Ƙarfe tara daidai jiniya ta ɗauka, aka shiga buga kututturen gangami a kowace unguwa. Ba don na san abin da na sani ba, da na ce babu ranar da ta fi wannan daɗi a shekara. Kowa ya fito da jakarsa ta ko-ta-kwana, wadda ya kamata a ce takardu da magani ne a ciki, amma yau rabinta tsaraba ce. Maƙwabciyarmu Yu Sarmi ta fito da jan baki da sabon mayafi, wai ita in dutse zai kore ta, to ya kore ta da mutuncinta. Mas Parjan ya loda tsofaffi shida a jif suna ta rigimar wa zai zauna gaba. Ya yi wa Bapak tayin kujera, Bapak ya ce shi ba kaya ba ne.

Ni na tuƙa babur ɗinsa, shi yana baya, rungume da kabeji uku da galan ɗin madara. Kafin mu tashi sai da ya koma garke ya yi wa Menik bayanin cewa ba laifinsa ba ne.

"Nduk, ramin nan kin gan shi kuwa, ko so kike ki gaisa da shi?"

"Na gan shi, Bapak."

"To ki faɗa masa ni ba na gaisuwa da gwiwa."

Haka muka gangara, babura sun fi ɗari a jere, ana ta hon ana ɗaga wa juna hannu, gonakin kabeji suka ba da wuri ga na ayaba, na ayaba suka ba da wuri ga fadamar shinkafa, iska na ƙara ɗumi. A mashigar Ngisoran wani jami'i mai jar riga yana tsaye da agogo a hannu. Da babur na ƙarshe ya wuce ya ɗaga murya ya ce minti talatin da takwas, mun fi bara da minti shida. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Ban ji wanda ya ce bara da shanu muka zo ba.

Gidan saukarmu na Mbah Kasan ne, tsoho ɗan siriri mai haƙori huɗu, wanda ya zama aminin Bapak tun zamanin shan shayin nan. Yana zaune a dakali ya hango mu, ya ɗaga wa Bapak murya.

"Kang Giyo, ashe kana nan? Ni na ɗauka dutsen ya riga ya gasa ka."

"Ya ɗanɗana ya ce ba ya cin tsohon nama. Wai in sauko in duba masa ko kai ka yi laushi."

"Ni ai ƙashi ne zalla, ya sha romo. Kabeji uku kawai? Bara huɗu ka kawo."

"Bara kana da haƙori biyar."

Suka kama hannun juna suna dariya har Mbah Kasan ya ƙware. Na zagaya madafi wurin matarsa, Mbah Ponirah, wadda tun makon jiya na roƙe ta arziki kada a bar Bapak ya leƙa filin.

"Bar min shi, Nduk," in ji ta tana juya tukunya. "Zan cika masa ciki har ya kasa ɗaga gira. Daga nan a kafa musu dara, kin san su, sai an raba su da tsintsiya."

Ta kuwa yi iyakar ƙoƙarinta. Shinkafa a ganyen ayaba, miyar kwakwa da ɗanyen barkono, soyayyen kifin fadama, dafaffen rogo da sukarin kwakwa, shayi mai zaƙi kofi bayan kofi. Bapak ya ci ya ƙara, ya yabi miyar, ya ce tun rasuwar mahaifiyarmu bai ci irinta ba, abin da yake faɗa mata kowace shekara, ita kuma kowace shekara sai ta share ido da gefen zani. Aka kafa dara a inuwar mangwaro. Na zauna ina tsince wake tare da mata, ina jin muryar Bapak yana zargin Mbah Kasan da satar ɗan dara, sai na ji hankalina ya kwanta. Har na fara lissafin cewa saura awa uku mu koma sama.

Da aka kira azahar maza suka tafi masallaci. Mbah Kasan ya dawo shi kaɗai, yana kallon ƙasa.

"Mbah, ina Bapak?"

"Ya ce zai leƙa ciyawarsa."

"Kuma ka bar shi?"

"Nduk, mutum ya nufi hanyar da ya fi ni sani. In ce masa me? In ce kogi ya ƙaura?"

* * *

Daga nesa na hango shi, tsaye da sandarsa a gaban allon da aka kafa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Allon na nan, har an sake masa fenti: wurin ajiye dabbobin Duwuran lokacin gudun hijira. A bayan allon kuwa siminti ne fari fat daga bakin hanya har bakin kogi. Inda ciyawa take an jera tebura da manyan laimomi. Turakun suna nan ba a tumɓuke ko ɗaya ba, an dai shafe su da ja da shuɗi da rawaya, an ɗaura musu igiyar ƙananan fitilu, kowace jif kuma tana tsaye a gaban turke guda. A kwamin ruwa jajayen kifaye ne ke yawo, wasu 'yan mata biyu na tsugune a gefe suna ɗaukar hoto.

Na isa na tsaya a bayansa. Bai dube ni ba. Ya taka a hankali yana ƙirga turaku da kan sanda, har ya kai na sha bakwai. Jif ɗin Mas Parjan ce a wurin, shi kuma yana goge gilashi. Tsumman ya faɗi daga hannunsa.

"Bapak..."

"A nan kake ajiyewa?"

"Da aka zo rabon wuri ne, sai na ce a ba ni wannan. Na ga ai namu ne, kada wani ya ɗauka."

"Ka kyauta," in ji Bapak. Ya shafa kan turken, inda aka shafe shi da rawaya. "Ni na zuba wannan. Lambar ma da ƙusa na zana ta, siminti bai bushe ba."

Ana haka sai ga dagacin Ngisoran, wanda kowa ke kira Pak Lurah, ya shigo da baƙinsa masu jajayen riguna, zai ba su gahawa bayan an gama gwaji lafiya. Saurayi ne mai ladabi, ba zan ɗora masa abin da ba shi da shi ba. Yana ganin Bapak ya baro baƙin, ya rusuna, ya kama hannunsa ya kai goshi.

"Mbah Giyo, sannu da zuwa. Ya gwiwa? Ai da an faɗa min da na aiko mota."

"Gwiwa ta gode, Pak Lurah. Na zo gaida ciyawata ne, na tarar ta yi tafiya."

"Mbah, filin yana nan, wallahi ba a sayar ba. Haya ce kawai. Ka ga ran da dutse ya motsa baƙi ba za su zo ba, sai a janye motoci, shanu su shigo. Shi ya sa ma na hana a taɓa turakun."

"Allah ya saka. In sun shigo su ci me?"

"Za a kawo ciyawa."

"Daga ina? Sama toka ta rufe, ƙasa shinkafar mutane ce."

"Za a duba, Mbah. Akwai kwamiti."

"Ruwa fa?"

"Kifayen ai kwashe su ba wuya."

"Wancan karon kwana arba'in muka yi. Ka taɓa ganin gwiwar saniyar da ta yi kwana arba'in a kan siminti, rana na dukanta?" Bapak ya yi tambayar a hankali, kamar mai tambayar lafiyar iyali. "Shi mai hayar, ya yarda shanu ɗari biyu su yi masa kashi a gaban tebura? Yana cikin takarda?"

Pak Lurah ya dubi takalmansa.

"An dai yi magana ta fahimta, Mbah." Sannan ya ƙara da murya ƙasa. "Shekara goma sha ɗaya filin nan na zaune yana jiran rana ɗaya. Matasanmu kuwa kullum sai sun ci abinci. Talatin ne ke aiki a nan yanzu, naku da namu. Ga surukinka ma."

"Na gani," in ji Bapak. "Allah ya sa albarka."

Da gaske ya yi addu'ar, na san muryarsa, kuma wannan ya fi yi min ciwo. Pak Lurah ya ce don Allah ya zauna ya sha wani abu. Bapak ya dube shi, fuskarsa ta washe da murmushi har kunne.

"To," in ji shi.

Muka zauna ƙarƙashin laima, ni da shi da Mbah Kasan da ya biyo mu yana haki. Aka kawo gahawa mai kumfa, an zana ganye a samanta. Bapak ya daɗe yana kallo, ya ce shi bai san ta inda ake fara ɓata irin wannan aiki ba. Ya kurɓa ya ce da daɗi, sai dai madarar ta gwangwani ce, a faɗa wa mai wurin akwai ta gaske a Duwuran. Yaran wurin suka yi ta dariya. Har hoto ya yarda aka ɗauke shi a jikin jif, sanye da hular kwanon baƙi.

Sai da hayaniya ta lafa ya juyo gare ni.

"Nduk, dammin nan da kika kawo min, na ina ne?"

"Na bakin hanya ne, Bapak, wajen gada."

"Na ce wa Menik ta saba da ɗanɗanonsa." Ya yi 'yar dariya yana juya kofi. "Ashe ƙarya na yi mata."

Na so ya zage ni. Wallahi na so ya ɗaga sandar nan a gaban mutane. Hawaye suka zubo min cikin gahawar da ban taɓa ba, shi kuma ya turo min farantin soyayyar ayaba ya ce in ci tun da zafi.

"Kang," in ji Mbah Kasan, "in ta kama, ka kawo ta gidana. Bayan madafi akwai wuri."

"Bayan madafinka? Akuya ma sai ta shiga da baya. Kuma in na kawo tawa, sauran fa? Ni na bi gida-gida na ce musu su sauka, shanunsu na da wuri. Ni na ce." Ya shanye ragowar ya kife kofin. "Tashi mu je, ban gama cinye ka a dara ba."

Ya kuwa cinye shi sau biyu kafin la'asar, Mbah Ponirah ta ɗaure mana kifi da shinkafa a ganye, aka yi sallama da wasa da dariya kamar kowace shekara.

* * *

A hanyar komawa rana ta yi sanyi, dutsen na gabanmu ya yi ruwan zuma. Bapak na bayana yana 'yar waƙarsa ta garke. Sai da muka wuce gada na iya buɗe baki.

"Bapak, in jiniya ta yi kukan gaske, za ka sauka ko?"

"Kalli gabanki, Nduk. Ga abokinki na ɗazu."

Na kauce wa ramin. Ban sake tambaya ba.

Kafin magariba Mas Parjan ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya wuce garke. Ina jin su daga madafi. Ya ce zai yi magana da sauran direbobi, za su je wurin mai hayar, za su sa a rubuta a takarda. Ya ce in ma ta ƙi, shi da kansa zai cire kujerun jif ya ɗauki Menik.

"Saniya a jif," in ji Bapak yana dariya. "Ita ma za ka sa mata hular kwano?"

"Bapak, da gaske nake."

"Na sani, ɗana. Ka ɗauke ta ka kai ta ina?"

Bapak ya miƙa masa fitila.

"Je ka ci abinci, ka yi aiki yau. Motarka na da kyau, na ji daɗin ganinta. Riƙe min fitilar nan tukuna in duba mata kofato."

Muka ci kifin Mbah Ponirah tare a tabarma ɗaya. Bapak ya ba da labarin Yu Sarmi da jan bakinta, ya kwaikwayi jami'in nan mai agogo, har Mas Parjan ya saki jiki ya yi dariya. Na ce a raina wataƙila abin bai kai yadda na zata ba. Tsoho ne mai hankali, ya ga duniya, ya kuma ce Allah ya sa albarka.

Da safe na fito da galan zan kai madara wurin tarawa. Gari ya yi kyau, raɓa a kan kabeji, hayaƙin dutse a miƙe kamar jiya. Na dubi layinmu daga sama har ƙasa, babura a ƙofar kowane gida, kowanne ya kalli hanya, makullai na reto. A ƙofarmu babur ɗin Mas Parjan ne kaɗai.

Na tarar da na Bapak a cikin garke, an tura shi can ƙurya, gabansa na kallon bango, an yafa masa tsohon buhu. Na ajiye galan, na yaye buhun, na jawo shi da baya, na juya shi da kyar har ya fuskanci ƙofa. Sai da na kai hannu na ga babu makulli.

"Nduk, in kin dawo ki haɗa min shayi," in ji Bapak daga ƙarƙashin saniya. Yana zaune a 'yar kujerarsa yana tatsa, goshinsa jingine da cikinta, yana waƙa. "Ki sa sukari da yawa, na Mbah Ponirah ya ɓata min baki."

Menik ta juyo ta dube ni tana tuƙa, har yanzu tana ƙamshin sabuluna. A igiyar wuyanta, kusa da ƙararrawa, an ɗaure makullin da zaren buhu, ƙulli uku. Duk sanda ta motsa baki sai ya taɓa ƙararrawar ya yi 'yar ƙara.